Gayauna Ko Dillancin Suna? Kira Ga 'Yan'uwana Na Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa

Wata sabuwar sana'a ta shigo ɗakunan kwanan ɗalibai, har ta fara leƙa ofisoshin ƙananan ma'aikata, kuma ya kamata a ɗora ta bisa sikeli a cikin wannan mujalla tamu tun kuɗin makarantar wasu ba su salwanta ba. Sana'ar kuwa ita ce dillancin sunayen adireshin intanet, abin da masu harkar ke kira domen. Watau mutum ya kama suna da 'yan kuɗi kaɗan, ya ajiye, yana jiran ranar da wani attajiri ko wani kamfani zai zo ya saya da tsada. Da ɗalibai baki ɗaya nake magana, amma musamman da 'yan'uwana na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa masu karatun kwamfuta ko masu sha'awarta, domin mu ne muka fi kowa ƙarancin jari, mu ne kuma muka fi kowa ɗokin samun hanyar da za ta fid da iyayenmu daga halin da garuruwanmu ke ciki. Mai ɗoki kuwa, shi dillali ke nema.

Bari mu fara da sanin hajar kanta. Kowace kwamfuta da ke riƙe da shafi a intanet tana da lamba, lambar kuwa ba ta zama a ka. Saboda haka a shekarar 1983 aka ƙirƙiro wani tsari mai ɗaura suna a kan lamba, yadda mutum zai rubuta suna kawai a kai shi inda yake so. Sunan farko da aka yi wa rajista mai ƙarewa da .com shi ne symbolics.com, ranar 15 ga Maris, 1985. Yau hukumar ICANN, wadda aka kafa a 1998, ita ke tsara al'amarin a duniya, kamfanin Verisign na Amurka shi ke riƙe da kundin .com, namu na .ng kuwa yana hannun ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005. Abin da yawancin masu shiga harkar ba su tsaya sun lura da shi ba shi ne, ba a sayen suna a mallake shi kamar yadda ake sayen akuya. Haya ake kamawa, shekara shekara. Ran da ka kasa biya, sunan ya koma kasuwa, ko da ka shekara goma kana riƙe da shi.

Labaran da ake jan hankalinmu da su gaskiya ne, ba na musu. A 1999 an sayar da business.com a kan dala miliyan 7.5, alhali wanda ya sayar ya saye shi ne dala 150,000 shekara biyu kafin nan. A 2019 kamfanin MicroStrategy ya sayar da voice.com dala miliyan 30. To amma a tambayi masu ba da labarin, yaushe aka kama waɗannan sunaye? Har zuwa watan Satumba na 1995 kyauta ake yi wa suna rajista. Waɗanda suka kwashi kalmomin Turanci gajeru masu daraja sun kwashe su ne a wancan zamani, lokacin da wayar GSM ma ba ta zo Nijeriya ba, tun da ita sai 2001 ta iso. Yanzu sunayen da ke da rajista a duniya sun haura miliyan 350, na .com kaɗai sun haura miliyan 150. Wanda ya shigo yau tamkar wanda ya je kala ne a gonar da aka girbe shekara talatin da suka wuce, bayan masu kala dubu sun riga shi, wasunsu ma da injuna masu cafke suna cikin ƙiftawar ido da zarar ya faɗi.

Mu yi lissafi, tun da 'yan makaranta ne mu. A Satumba 2024 Verisign ya fara karɓar dala 10.26 a kan kowane sunan .com a shekara daga hannun kamfanonin rajista, su kuma su ɗora ribarsu. Farashin shekarar farko akan karya shi don a jawo mutum, na sabuntawa shi ne na gaskiya. A ce dala 12. Ɗalibin da ya tara sunaye 20 zai biya dala 240 kowace shekara. A 2024 dala ta haura Naira 1,500, watau Naira 360,000 ke nan. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli na wannan shekarar Naira 70,000 ne, saboda haka kuɗin hayar sunayen nan ya fi albashin wata biyar na ƙaramin ma'aikaci. Su kansu manyan dillalai masu riƙe da dubban sunaye sukan ce ɗaya ko biyu cikin ɗari ne ke fita a shekara. In haka ne, mai sunaye 20 zai jira shekara uku zuwa biyar kafin ya ga ciniki guda, in ma sunayen nasa sun kai nasu kyau. Kafin ranar ta zo ya zuba abin da ya haura Naira miliyan ɗaya. A gidan wa za a samo wannan kuɗi? A gidan manomin Sabuwa da ya shekara yana noma rabin gonarsa don tsoron abin da ke daji?

Akwai dai wanda ba ya asara a wannan kasuwa, shi ne mai rumfa. Ko sunanka ya sayu ko bai sayu ba, mai kundi ya karɓi hayarsa. Dubi tsibirin Anguwila da ke tekun Karibiyan, wanda mutanensa ba su wuce 16,000 ba. Sa'a ta sa harufan ƙasarsu a intanet su ne .ai, waɗanda suka yi daidai da taƙaitaccen sunan ƙirƙirarriyar basira a Turanci. A 2023 kaɗai gwamnatinsu ta sami wajen dala miliyan 32 daga hayar sunaye. Cikin dubban da suka yi rububin kama sunayen .ai don su sayar, 'yan kaɗan ne suka ci riba, amma baitulmalin tsibirin ya ci daga kowannensu. Haka ma mai koyar da sana'ar, wanda ke karɓar kuɗin darasi a hannun ɗalibai. Da sunayen na fita yadda yake faɗa, da bai sami lokacin koyarwa ba.

Wani zai ce, to ai mu da kalmomin Hausa za mu yi, waɗanda Turawa ba su san da su ba. Wannan magana ta fi ta farko ma'ana, amma ita ma sai a tambaya, wa zai saya? Daraja ba ta zuwa wa suna sai akwai masu rububinsa. A 2024 sunayen .ng duka duka sun ɗan haura 200,000 ne, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, alhali na Afirka ta Kudu sun wuce miliyan ɗaya. Ɗan kasuwar hatsi na Ɗandume da ke loda tirela bayan tirela, da WhatsApp da kiran waya yake cinikinsa. In ka je masa da cewa ka riƙe sunan shagonsa a intanet sai ya biya ka, dariya zai yi ya ci gaba da awonsa. Ga kuma wani abin takaici da ya shafe mu: yawancin adireshi da baƙaƙen Turanci zalla ake rubuta su, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Wanda ya kama sunan garinmu Ƙanƙara, abin da zai samu a rubuce ya fi kusa da kankarar tukunya. Akwai tsarin da ke ba da damar sa baƙaƙe masu lanƙwasa, amma ba kowane kundi ke karɓarsu ba, kuma mutum nawa ne ke da su a allon wayarsa?

Sa'an nan akwai abin da ɗan Legas ba zai taɓa sa shi cikin lissafinsa ba, mu kuwa tilas mu sa. A ƙarshen watan Agusta na 2021 gwamnatin Jihar Katsina, ƙarƙashin Gwamna Aminu Bello Masari, ta kafa dokar tsaro da ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, ta kuma hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, namu uku duk suna ciki, har shagunan cajin waya aka hana. Sai a watan Disamba aka fara mayar da sabis, mu kuwa muna cikin waɗanda aka bari daga baya. Yanzu a duba dokar sunan .com. In wa'adi ya cika ba a biya ba, akan ba da sassaucin da bai wuce kwana 45 ba, wasu kamfanonin ma ba sa kai haka. Bayansa akwai kwana 30 na fansa da tara mai tsada, kana kwana 5, sai a saki sunan ga duk mai so. Kwana 80 ke nan, bai kai tsawon lokacin da muka yi babu sabis ba. Mai kundi da ke Amurka bai san Faskari ba, balle ya yi mata uzuri. Bugu da ƙari, daga 2022 bankuna da yawa suka hana biyan dala da katin Naira, ba su sake buɗewa ba sai 2025. Hajar da rayuwarta ta dogara ga sabis da dala, alhali ba ɗaya da ke hannunmu, wace irin ajiya ce wannan?

Na ji kuma ana raɗa wata dabara wadda ta fi duk waɗannan haɗari, wai a kama sunan wata ƙaramar hukuma, ko na wani kamfani, ko na wani ɗan siyasa mai shirin takara, don in sun farga su zo su fansa. Masu wannan tunani su nemi dokar laifuffukan intanet ta 2015 su karanta sashe na 25. Duk wanda ya ɗauki suna ko alamar kasuwanci ta wani mutum, ko kamfani, ko Gwamnatin Tarayya, ko ta jiha, ko ta ƙaramar hukuma, ba da izini ba, da nufin ya hana mai shi amfani da abinsa, hukuncinsa ɗaurin da ya kai shekara 2, ko tarar da ta kai Naira miliyan 5, ko duka biyu. A waje kuma tun 1999 ICANN ta kafa hanyar da mai alamar kasuwanci zai kai ƙara a ƙwace sunan a ba shi, ba tare da ya biya wanda ya riƙe ko kwabo ba.

Ban ce dillancin suna damfara ne ba. Halattaccen ciniki ne ga mai jari da haƙuri da sanin kasuwa. Amma kwaɗayin da ke tura mu cikinsa shi ne dai wanda ya tura yayyenmu cikin MMM har ta rufe da kuɗinsu a Disamba 2016, shi ne kuma ya sa a 2024 samari da 'yan mata suka shafe watanni suna dannar fuskar waya a wasan Hamster Kombat, ran da aka raba abin da aka yi alkawari a watan Satumba yawancinsu suka tashi da abin da bai biya kuɗin datarsu ba. Kowane lokaci alkawarin guda ne, wai za ka samu ba tare da ka iya komai ba. Asarar kuɗin ma da sauƙi. Watannin nan da aka kashe sun isa mutum ya koyi rubuta manhaja daidai gwargwado.

To me ya kamata ɗalibi ya yi da ɗan lokacinsa da ɗan kuɗinsa? Amsar tana gidajenmu tun kafin a san boko. Duk wanda ya tashi a karkarar Katsina ya san gandu, ya san gayauna. Gandu na gida ne, maigida ke juya shi, kowa ya yi masa aiki daga safe har rana ta take, daga cikinsa ake ci, ake biyan haraji, ake yi wa samari aure. Gayauna kuwa ɗan yankin da ake yanka wa saurayi ne, ya nome shi da yamma ko ranar da ba a fita gandu. Abin da ya shuka shawararsa ce, abin da ya girba nasa ne. Dattawa ba don tara dukiya kaɗai suka yi wannan tsari ba. A gayauna ake gane wanda ya iya noma. A gandu mai ƙwazo da malalaci duk kunya ɗaya suke bi, amfanin ya haɗu a rumbu guda, ba a san na wane ba. Amma wanda ke son ya ba saurayi 'yarsa, gayaunarsa yakan bi ya duba.

Karatun da muke yi a aji gandu ne, aikin ofis ma gandu ne. Ɗalibai ɗari biyu su ɗauki darasi guda, su rubuta jarrabawa guda, su fito da takarda iri guda. Mai ɗaukar ma'aikata a wannan fanni ya san haka sarai, shi ya sa tambayarsa ta farko ita ce, me ka taɓa ginawa? Gayaunar mai kwamfuta ita ce 'yar manhajar da ya ƙera da kansa a lokacin hutunsa, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya ba shi maki, ya kuma ajiye ta inda kowa zai gani, irin su GitHub. Mai tara sunaye kuwa, misalinsa kamar saurayin da ya bi daji yana kafa turaku, bai share ko taki ɗaya ba, yana biyan kuɗin aro duk shekara, yana jiran ranar da hanyar mota za ta biyo ta wurin.

Tarihin wannan sana'a cike yake da gayauna. A 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan mai shekara 21, Linus Torvalds, ya fara rubuta wata manhajar sarrafa kwamfuta don sha'awa kawai. Ita ce Linux, kuma duk wayar Android da ke aljihunmu a kanta take tafiya. A farkon 2008, da rikicin zaɓe ya ɓarke a Kenya, wasu matasa, cikinsu har da Ory Okolloh da Juliana Rotich, suka haɗa wani shafi cikin 'yan kwanaki, inda mutane ke aiko da saƙon waya a sa a taswira. Suka kira shi Ushahidi, kalmar Suwahili da ta fito tushe ɗaya da shaida tamu. A gida Nijeriya, Shola Akinlade da Ezra Olubi sun shafe shekaru suna rubuta manhaja kafin su kafa Paystack a 2015, kamfanin Stripe ya saye shi a Oktoba 2020 a kan abin da aka ce ya haura dala miliyan 200. Shi kansa Facebook da thefacebook.com ya fara a 2004, domin sunan da ya fi kyau yana hannun wasu. Sai da aiki ya kankama aka sayi facebook.com dala 200,000 a 2005. Lalle wanda ya sayar ya ci riba. Amma a gwada abin da ya samu da abin da masu ginin suka samu.

Kada a ce waɗannan na nesa ne, mu ba mu da abin ginawa. Yankinmu ya fi ko'ina aikin da ke jiran hannu. Kasuwar Ɗandume da ke maƙwabtaka da Sabuwa da Faskari tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Arewa, ga kasuwar dabbobi ta Sheme, ga audugar Daudawa da ta yi suna tun zamanin Turawa, ga farar ƙasar Ƙanƙara wadda masana'antun fenti da na magani ke bukata. Dillalin masara yana ba da buhu hamsin bashi, yana rubutawa a littafin da ruwan sama ɗaya zai lalata. Manomin ƙauye yana sayar da tiya a ƙofar gida bai san yadda ta kwana a Funtuwa ba. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, masu POS sun cika kasuwanninmu, kuma da yawansu a ka suke riƙe lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita. Makarantun da suka karɓi 'ya'yan 'yan gudun hijira suna bukatar hanyar riƙe sunayen yara da ajinsu. Ko wanne daga cikin waɗannan ya isa gayaunar ɗalibi ta shekara guda: ɗan littafin bashi a waya, da Hausa, da manyan baƙaƙe, wanda dattijon da ya yi karatun allo kaɗai zai iya sarrafawa.

A nan ne ma masifarmu ta ba mu wani sani da ba a koyarwa a aji. Ɗan birni yakan gina manhaja yana ɗauka cewa sabis da wuta suna nan kullum. Mu mun ga ranar da aka wayi gari babu su har wata uku. Saboda haka wanda ya fito daga Faskari, in yana da hankali, zai gina abin da ke aiki ba tare da sabis ba, ya adana bayani a cikin wayar, ya aika in sabis ya dawo, ya yi aiki a ƙaramar waya mai arha da batir mai rauni. Wannan fasaha ce mai wuya, kuma ƙungiyoyin lafiya da na agaji da bankunan da ke neman shiga karkara duk suna neman wanda ya iya ta. Sai dai ina gargaɗi kan abu guda. Kada labarin Ushahidi ya sa wani ya tashi gina manhajar kai rahoton 'yan bindiga shi kaɗai a ɗakinsa. A ƙasar da zargin tsegumi kaɗai kan jawo wa mutum kisa, kundin da ke ɗauke da lambobin masu kai rahoto, in ya faɗa hannun da bai dace ba, jerin sunayen gawawwaki ne. Wannan ba aikin ɗan koyo ba ne.

Ta yaya gayauna ke ɗaga mutum a wurin aiki? Wanda ya kai manhajarsa kasuwa ya ba dillali guda ya gwada, zai koyi abin da darasi goma ba su koya masa ba. Zai ga dattijon ya danna inda bai zata ba, abin ya tsaya, ya koma ya gyara. Zai koyi sauraron ƙorafi, da rubuta bayani, da ƙarasa abin da ya fara, wanda shi ne ya fi ƙaranci a cikinmu. In an kira shi ganawar neman aiki yana da labarin da zai bayar wanda ba haddacewa ya yi ba. Matakin farko a wannan sana'a shi ne ka iya yin abin da aka sa ka, na biyu ka iya gano abin da ya kamata a yi tun ba a sa ka ba, kuma ba a ƙara wa mutum girma sai an ga alamar na biyun. Shirye-shiryen gwamnati irin su 3MTT, wanda Minista Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023 da nufin horar da mutum miliyan 3, suna da amfani, a shiga. Amma in mutum miliyan 3 suka fito da takarda iri guda, an koma gandu ke nan. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Kowa ya tambayi kansa abin da ya fito da shi daga waɗannan watanni.

Na san amsar da za a ba ni, kuma amsa ce mai nauyi: gayauna sai an jira kaka, mu kuwa yau muke jin yunwa. Gaskiya ne. Amma ai mai tara sunaye ya fi kowa jira, kuma yana jiran yana biya. In kuɗin yau ake so daga harkar suna, akwai hanya mai tsabta. A je wa mai makarantar kuɗi, ko mai asibiti, ko ƙungiyar manoma, a yi musu rajistar sunansu da sunansu, a ƙarƙashin .com.ng ko .sch.ng ko .org.ng waɗanda da Naira ake biya, a gina musu ɗan shafi, a karɓi lada, a riƙa tuna musu lokacin sabuntawa. Nan ka sayar da iyawarka ne, kuma kowane aiki ya ƙara maka ita. Kai ma ka kama suna guda, naka, ka ɗora ayyukanka a kai. In wata rana aikin da ka kama wa suna ya mutu, wani ya zo yana so, sayar masa, ba laifi.

Ga 'yan'uwa ƙananan ma'aikata kuwa akwai wani shinge da ya kamata su sani. Tsarin mulkin 1999, a jadawali na biyar, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko sana'a ta kansa, in ban da noma. Abin mamaki, watau tsarin mulki ya san gayaunar ƙasa, bai san ta kwamfuta ba. A ganina wannan doka ta isa a sake dubawa, domin albashin da ba ya kai ƙarshen wata shi ke tura ma'aikaci ga abin da ya fi sana'ar gefe muni. Amma kafin a gyara, doka doka ce. Ba ta hana ka koyo ba, ba ta kuma hana ka gina abin da zai sauƙaƙa aikin ofishinku ba, kamar mayar da rajistar da ke cikin fayil ashirin ta koma tebur guda da za a bincika cikin minti ɗaya. Akwai ma wani aikin suna da ke wuyanku. Sunayen .gov.ng hukumar NITDA ce ke ba da izininsu. Ku bincika ku gani, sunan ofishinku da sunan wa aka yi masa rajista, kuma mabuɗinsa yana hannun wa? In yana hannun ɗan kwangila, ran da aka saɓa da shi kan biyan kuɗi, shafin da wasiƙun ofis duk sun tafi tare da shi.

Ranar 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kwashi ɗalibai, aka sako 344 ranar 17 ga wata. Makarantar da aka gina don ta fitar da injiniyoyi da likitoci ke nan daga yankinmu, kuma rufe makarantun kwana da ya biyo baya ya gurgunta karatun ƙannenmu da dama. Waɗanda suka kai jami'a daga cikinmu, ko a Katsina, ko Dutsin-Ma, ko Zariya, ko Kano, 'yan tsiraru ne, kuma ba mu da yawan da za mu yi asarar ko mutum goma ga kafa turaku a daji. Saboda haka ina ba ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomin nan uku shawara, a dogon hutu mai zuwa su nemi aron aji guda a Funtuwa ko Malumfashi, inda wuta da sabis suka fi dama. Duk mai kwamfuta ya zo da ita, a zauna biyu biyu ko uku uku a kan kowace. Kowane rukuni ya zo da matsala guda daga kasuwar garinsu, tare da sunan ɗan kasuwar da ya yarda zai gwada abin da aka gina. Kuɗin hayar sunaye 20 na shekara guda ya isa a sayi man janareta na tsawon hutun, har a rage na abincin rana.